Rubutun ƙasan hoto, da dalilin da ya sa na bar aikin littafin birni

Littafin tsofaffin hotunan birni da na yi wa aikin nemo hotuna ya fito, kuma ina ganin yadda ake yabonsa. Takardarsa mai kauri ce, bangonsa na yadi, ɗaukarsa sai da hannu biyu. Irin manyan littattafan hotunan nan ne da ake ajiyewa a teburin falo, baƙo ya riƙa buɗawa kafin maigida ya fito. Ni na ajiye aiki tun kafin a kai shi maɗaba'a, kuma tunda abokan aiki suna ta tambayata dalili ɗaya bayan ɗaya, gara in faɗa sau guda kowa ya ji. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ko na birnin, ko na wanda ya shugabance mu. Waɗanda muka zauna ofis ɗaya sun san kowa.

Duk saɓanin a kan babi ɗaya ya taso, babin unguwar da aka rushe.

A ma'adanar hotuna ta birnin na samo wani akwati na nagatif ɗin gilashi, wato farantan gilashin da ake ɗaukar hoto a kansu a da, da ba a taɓa bugawa ba. Ɗaya daga cikinsu har yau ina ganinsa a idona. Lungu ne matsattse, mata sun yi layi a bakin famfo, an shanya kaya a igiya daga wannan taga zuwa waccan. Wani yaro ya tsaya da bokiti, ya juya kai lokacin da ake ɗauka, fuskarsa ta fito dishi-dishi. A gefen dama akwai allon wani tela, sai an sa madubin ƙara girma ake iya karanta sunan. Da wannan sunan na bi kundin adireshi da birnin ke fitarwa shekara-shekara, na gano lokacin da telan ya fara bayyana a lungun da lokacin da sunansa ya ɓace. Na haɗa da takardun majalisar birni, na samu umarnin rusau, da inda aka kwashe mutanen, da babban titin da aka shimfiɗa a wurin. Duk wannan na matse shi a layi huɗu a ƙasan hoton: sunan lungun, shekarun da hoton zai iya faɗawa a tsakaninsu, shekarar rusau, da unguwar bayan gari da aka mayar da mazauna.

Da shafukan gwaji suka dawo, layi huɗun nan sun koma kalma huɗu: "Rayuwa a tsohuwar unguwa." An kuma shimfiɗa hoton a shafi biyu, yaron mai bokiti ya faɗa daidai tsakiyar ɗinki, allon telan kuwa an yanke shi gaba ɗaya don hoton ya cika shafi. Haka aka yi wa sauran hotunan babin, kowanne an bar shi da 'yar magana mai daɗin ji da ba ta faɗi komai ba.

A taron editoci na ɗaga maganar. Oga ya ce, "Malam, wannan littafin kallo ne. Ba wanda zai zauna a falo yana karanta labarin rusau." Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka cire rubutun, mai kallo zai ɗauka wurin yana nan, ko kuma tsufa ya yi ya faɗi da kansa." Sai ya rufe fayil ɗin da ke gabansa, ya ce a gaban kowa, har da yaran da ni na koya wa aiki, an ɗauke ni ne in nemo hotuna, ba in koya wa kamfani tarihi ba. Ba wanda ya ce uffan, kuma ban ga laifin kowa ba, kowa da iyalin da yake ciyarwa.

Daga baya na ji abin da kowa a sashen kasuwanci ya riga ya sani. Wani kamfanin gine-gine ya sayi kaso mai yawa na littafin tun kafin a buga, don ya raba wa manyan abokan hulɗarsa, kuma gine-ginensa suna tsaye a kan filin wannan unguwa. Wannan tsarin ba baƙo ba ne a sana'armu. Babban littafin hotuna yana cin kuɗi tun daga haƙƙin mallakar kowane hoto, zuwa gyaran launi, zuwa takarda da ɗinki, kuma sau da yawa ba ya fita sai an samu wanda zai ɗauki wani kaso tun farko. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da oga ya kira ni ofishinsa ya ce ga halin da ake ciki, ga wanda ya biya, ga abin da ba za mu iya bugawa ba, da na ji zafi amma da na san da wa nake magana. Wataƙila ma da mun samu mafita, ko a mayar da cikakken bayanin ƙarshen littafi da ƙananan haruffa. Abin da ya yi shi ne ya ɓoye dalilin, ya mayar da maganar kamar ni ne ban san aikina ba. Sannan da na karanta gabatarwar da ya sa wa hannu, sai ga binciken da na yi kan tashar jirgin ƙasa da tsohuwar kasuwa, jimla bayan jimla, sunana kuwa yana can shafin ƙarshe cikin jerin waɗanda aka gode wa. Wannan har yanzu bai bar raina ba, kuma ba zan yi kamar ya bari ba.

Ya kamata duk mai wannan aiki ya san daga ina kyawawan hotunan tsofaffin unguwanni suke fitowa. A Faris, lokacin da Haussmann, babban jami'in da ke kula da birnin, yake fasa tsakiyar birni yana shimfiɗa manyan tituna, tsakanin 1853 da 1870, hukumar birnin ce da kanta ta sa mai ɗaukar hoto Charles Marville ya ɗauki lungunan da za a rushe. A Glasgow ta ƙasar Scotland, hukumar da aka kafa don share unguwannin talakawa ita ta ɗauki Thomas Annan a 1868 ya ɗauki hotunansu kafin a sa musu diga, kuma a bugun da ya biyo baya an ƙara gajimare a sararin sama, an ƙara wa kayan shanya fari. Wato masu rusau ne suka biya kuɗin hotunan da yau muke bugawa a takarda mai sheƙi muna jin kewar zamanin da. Hoton da kansa ba zai gaya maka wa ya aiko mai kyamara ba, ko me ya faru da matan da ke bakin famfo bayan wata shida. In rubutun ƙasa bai faɗa ba, babu inda za a ji.

Kuma abin da ya same ni ya sami waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba. Mai ɗaukar hoto Berenice Abbott ta shafe shekarun 1935 zuwa 1939 tana ɗaukar hotunan New York da tallafin gwamnatin Amurka, tana bin yadda dogayen benaye ke haɗiye tsofaffin gidaje. Elizabeth McCausland ta rubuta bayanan hotunan, ta yi magana a kan gidajen haya da talauci da yadda kuɗi ke sauya birni. Da littafin Changing New York ya fito a 1939, shekarar babban baje kolin duniya da aka yi a birnin, mawallafin ya sauya tsarin da suka shirya, ya rage rubutun ya mayar da shi wanda zai dace da masu yawon buɗe ido. Hotunan sun tsira don ƙarfinsu, amma abin da matan biyu suka so faɗa sai bayan shekaru masu yawa masu bincike suka tono shi daga takardunsu.

Ba na cewa oga bai san komai ba. Yana da ido, kuma daga wurinsa na koyi cewa dogon rubutu yana kashe shafi, hoto yana son fili a kewayensa, kuma hoto biyu da ke fuskantar juna suna magana ko ba a rubuta komai ba. Shi ya sa ban taɓa neman sakin layi ba. Layi huɗu na nema: ina ne, yaushe ne, wa ya ɗauka, me ya faru da wurin. Mai buɗe irin wannan littafi a falo ba ya karantawa daga farko zuwa ƙarshe, gaskiya ne, amma duk hoton da ya tsayar da shi, idonsa ƙasa yake sauka. Na sha tsayawa a shagunan littattafai ina kallon mutane suna yin haka, wani har da ɗan yatsa yake bin layin. A wannan daƙiƙar ne kaɗai littafin yake da damar gaya masa wani abu.

Ita ma kyamarar tana share mutane tun kafin edita ya sa hannu. Hoton da Daguerre, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauka na titin Boulevard du Temple a Faris a 1838 ya nuna titi fayau kamar an yi shara, alhali wuri ne mai cunkoso. A wancan zamani ɗaukar tana cin mintuna, don haka duk abin da ke motsi bai zauna a hoton ba, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai goge masa. Yawancin tsofaffin hotunan birane haka suke, gini ya fito tas, masu dako da masu talla da 'yan kasuwa sun zama hayaƙi ko sun ɓace. Wanda ya jera irin waɗannan hotuna ba bayani, ya ba mai kallo birnin da ba kowa a cikinsa sai duwatsu, kuma mai kallon zai tafi da yaƙinin cewa da can an fi natsuwa.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Kada ka yarda da shekarar da aka rubuta da fensir a bayan hoto sai ka gwada ta da lambar mota, ko fitilun titi, ko ginin da ka san ranar da aka kammala shi. Ka duba rubutun allunan shaguna a kowane shafin gwaji, don nagatif yana juyewa hagu ya koma dama ba wanda ya lura. Kada fuskar mutum ta faɗa tsakiyar ɗinki. Ka nemi izinin kowane hoto a rubuce kafin a tsara shafi, ba bayan an tsara ba. Ka duba launin gwaji da hasken rana. Kuma tun ranar da za ka karɓi aiki, a rubuta a yarjejeniya cewa ba za a taɓa rubutunka ba sai ka gani, a kuma rubuta inda sunanka zai fito.

Ga wanda zai gaji teburina: cikakkun bayanan babin nan ban bar su a kwamfutar ofis kaɗai ba. Na kai kwafi ma'adanar, ma'aikatan wurin sun haɗa kowane bayani da lambar nagatif ɗinsa, har da na lungun telan. In an zo bugu na biyu ka ga akwai hali, ka nemi akwatin da lambar da ke cikin jerin hotuna a ƙarshen littafin, ka ce a ba ka takardun da ke tare da shi. Hoton yaron mai bokiti kuma a mayar da shi shafi ɗaya, da allon a ciki.