Ga masu share abin da bai yi musu daɗi ba a bincike

Ɗiyar ƙanwata ta zo hutu gida Birni, tana haɗa memuwar ɗinta, wato kundin kammala karatu, kan ciwon dajin hanta. Da la'asar na iske ta a zaure da kwamfuta bisa cinya, tana share wasu layukan lissafi. Na ce, "Ke, me waɗannan suka yi miki?" Ta ce, "Kawu, su ke ɓata mini zane, ban da su komi ya hau daidai." Ko ɗago kai ba ta yi ba. Gabana ya faɗi, don ni ma na taɓa faɗin haka.

Ina saurayi a wani ɗakin gwaji na ƙasar waje aka ba ni aiki kan TP53, ƙwayar gadon da ke hana ƙwayoyin jiki hayayyafa barkatai, wadda ake samu a lalace cikin kusan rabin ciwon dajin ɗan Adam. Tun 1991 masana suka nuna cewa aflatoksin, dafin funfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi, yana barin tabo a gurbi na 249 na TP53, tabon da ake gani a ciwon dajin hanta. Ga ni ɗan Damagaram, na tashi da ƙuliƙuli a aljihu, ga ciwon hanta nau'in B ya yi mana katutu. Tun ban taɓa kwalba ba na riga na yanke abin da zan gani.

Na'urar PCR tana ninka ɗan guntun DNA sau miliyoyi, har ɗigon da ya fantsama daga aikin jiya ba ta bari. Shi ya sa ake sa kwalba guda mai ruwa zalla, wadda bai kamata ta nuna komi ba. Tawa ta fito da layi, siriri, dishi-dishi. Na daɗe ina kallonsa ƙarƙashin fitila, sannan na yanke gefen hoton.

To, ku ji ta bakina. Kuɗin karatu sun kusa yankewa, sinadaran sun ƙare, a gida ana jiran in dawo da takarda. Kuma layin nan da ƙyar ido ke kama shi. Haka na yi ta gaya wa kaina har wata abokiyar aiki ta sake gwajin da sababbin kaya, tabon ya ɓace a yawancin samfuran. Ba ta tona ni ba, da kanmu muka janye sakamakon. Har yau in na tuna kallon da ta yi mini, sai abinci ya fita raina.

Na sha lallashin zuciyata da cewa ba ni kaɗai ba ne. A 2012 masu bincike na kamfanin Amgen suka bayyana cewa cikin manyan ayyuka 53 kan ciwon daji da suka sake gwadawa, 6 kaɗai suka tabbata. Wani aikin haɗin gwiwa da aka kammala a 2021 ya yi niyyar maimaita gwaji 193, bai iya wuce 50 ba, kuma ƙarfin sakamakon ya ragu da kimanin kashi 85 cikin 100. Ko ba a yi ha'inci ba, lissafi kansa yana yaudara: in ka yarda da kuskure 5 cikin 100, ka auna ƙwayoyin gado 20,000, kusan 1,000 za su yi kamar suna da hannu a cutar alhali sa'a ce kawai. Sai dai yawancin mutanen nan kuskure ya auka musu ba su sani ba. Ni na ga layin.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma wa zai karanta? Ku da bidiyon minti ɗaya ke gundura.

Kada ka share komi. Lambar da ta ƙi bin sahu, bar ta, ka rubuta dalilin da kake zato, da biro, cikin littafi mai kwanan wata. Ranar da sakamako ya faranta maka rai, miƙa shi ga wanda ba ya jin nauyinka ya sake yi. Kada ka gaskata maƙala don ta fito a babbar mujalla. Kuma kada in ji ka a fada kana cewa duk binciken Turawa ƙarya ne, kai da ko awon sinadari ba ka iya ba, kana tura wa dangi saƙon WhatsApp na ganyen da ke warkar da ciwon daji cikin kwana bakwai. Na ce a yi a hankali, amma mai jiran sai aikinsa ya fita tas ba zai taɓa gamawa ba. Rubuta shi da raminsa, a gani.

Maganar gyaɗa kuwa tana nan daram, waɗanda suka fi ni haƙuri sun tabbatar da ita. Ku gaya wa iyayenku mata a shanya ta ta bushe sosai kafin a zuba a buhu, a tsince masu funfuna a zubar, a kai jarirai rigakafin ciwon hanta.