Sammacin da na ɓoye a mota

Kwana 19 sammacin ya yi a cikin motata ban gaya wa kowa ba, har matata. Wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba ne ya maka ni a kotu a nan jihar Ohio ta Amurka kan bashin kati (katin bankin da ake sayayya da shi a biya daga baya), dala 4,800, da na ci lokacin da aiki ya tsaya mini a 2020. Haya na biya da shi, da abinci, da gyaran mota. Da bankin ya gaji da kira sai ya sayar da bashin ga masu sayen tsofaffin basussuka, su kuma suka nufi kotu.

Kunya ce ta rufe mini baki. Mutumin da ake ganin yana Amurka, a ce bashi ya kai shi gaban alƙali? Ga kuma kuɗin ruwan da ke kai, wanda dama zuciyata ba ta taɓa natsuwa da shi ba.

Matata ce ta tsinci takardar tana neman cajar waya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Maigida, kwana nawa suka ba ka?" Muka duba: 28. Saura tara.

Washegari na je ofishin lauyoyin da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta. Lauyar ta ce shirun nan shi ne abin da kamfanin ke jira. In wa'adi ya cika ban mayar da amsa ba, za a yanke hukunci a bayan idona, a ba su duk abin da suka nema. Da wannan hukuncin ne suke zuwa wurin aikin mutum a riƙa yankar masa albashi tun bai shigo hannunsa ba. Kafin hukunci ba su da wannan ikon, komai barazanar da suka yi a waya.

Ta ɗauki biro ta yi mini lissafi. Dokar tarayya ta 1968 ta ce a irin wannan bashi ba a cire fiye da kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage bayan haraji, kuma dole a bar wa ma'aikaci aƙalla dala 217.50 a mako. Ni 640 nake kawowa gida, ke nan 160 za ta riƙa tafiya duk mako. Kuɗin cefanenmu ke nan ɗungurungum. Da a Texas ko Pennsylvania nake, bashin kati ba ya taɓa albashi, amma Ohio ta yarda.

Muka rubuta amsa, muka nemi su kawo shaidar cewa bashin ya dawo hannunsu, da yadda aka yi kuɗin ya kai haka. Ta kuma hana ni tura musu ko dala ɗaya sai an yi yarjejeniya a rubuce.

Bashin nawa ne, ban musa ba, kuma ina so in sauke shi. Bayan wata biyu lauyansu ya nemi sulhu: dala 2,900, ina biyan 145 duk wata, ba tare da an shiga albashina ba. Na biya sau huɗu, saura 16. Takardar yarjejeniyar tana hannun matata.