Ba ko'ina *prendre* ke bin *take* ba

Ina koya wa manya Faransanci da yamma bayan sun tashi daga aiki, kuma kusan dukkansu Turanci suka fara sani. Kalmar da ta fi kayar da su ba wata doguwa ba ce mai karya harshe. 'Yar ƙaramar nan ce, *take*. Tun makon farko wani littafi ya gaya musu cewa *take* shi ne *prendre*, su kuwa suka riƙe hannu bibbiyu.

Ban ga laifinsu ba, domin da farko hanyar a miƙe take. Hawa jirgin ƙasa *prendre le train*, ɗaukar hoto *prendre une photo*, shan magani *prendre un médicament*, yin abu a natse *prendre son temps*. Har a salon magana sukan haɗu: wanda ya tunkari matsala gaba da gaba, harsunan biyu duk cewa suke ya kama bijimi a ƙaho, *prendre le taureau par les cornes*. In ka so ka ɗauka in ba ka so ka bari kuma, *c'est à prendre ou à laisser*. Mutum na ganin haka sai ya saki jiki.

Wani ɗalibina ya rubuto mini a aikin gida: *Demain je prends ma sœur à l'aéroport.* Na ce masa, ƙanwar taka tafiya za ta yi ko dawowa? Ya ce tafiya mana, Malam, raka ta zan yi. Jimlar ba ta da aibi ko ɗaya a nahawu, amma Bafaranshe zai ji cewa jirginta ne zai sauka, shi kuma zai je ya ɗauko ta. In aka ɗora *prendre* a kan mutum da wuri, ɗaukowa ake nufi, kamar yadda abokinka zai ce *je passe te prendre à huit heures*, zan biyo in ɗauke ka da ƙarfe takwas. Abin da ɗalibin yake nema shi ne *j'emmène ma sœur à l'aéroport*.

A nan ne nake roƙonsu su ajiye Turanci gefe su yi tunani da Hausa. Mu ba ma ruɗewa tsakanin kai da kawo, ko fita da fito, ko ɗauka da ɗauko. Kunnenmu ya saba tambayar ina abu ya dosa. Faransanci ma yana yin wannan tambayar, sai dai a farkon kalma yake sa alamar. *Emmener* da *emporter* na kallon inda aka baro, wato tafiya da wani ko da wani abu. *Amener* da *apporter* na kallon inda aka nufa. Ba su yi daidai da namu ɗari bisa ɗari ba, domin *j'amène mon fils à l'école* na nufin na kai ɗana makaranta na baro shi can, ba lallai makarantar tana wurin mai magana ba. Duk da haka, wanda ya fara daga kai da kawo ya fi wanda ya fara daga *take* saurin kamawa nesa ba kusa ba.

Akwai tambaya ta biyu wadda mu ba ma yi: abin da ake kaiwa, da ƙafarsa yake tafiya ko ɗaukarsa ake yi? *Mener* ya fito ne daga kalmar Latin da ake amfani da ita wajen kora dabbobi da tsawa, *porter* kuwa daga kalmar ɗaukar kaya. Saboda haka mutum da dabba *emmener* da *amener*, jaka da littafi *emporter* da *apporter*. Hukumar kula da harshen Faransanci, Académie française, wadda aka kafa a 1635, tana nan a kan wannan bambanci. Mutanen gari kuwa ba su cika damuwa ba, za ka ji wani ya ce *j'amène les chaises*, zan kawo kujeru, hankalinsa kwance. Ni dai ina koyar da ƙa'idar, domin ɗan gida in ya karya ta salo ne, baƙo in ya karya ta sai a ce bai iya ba.

Sai jarrabawa, wadda ke jawo barka da arziki tun kafin lokaci. Zana jarrabawa, wato *take an exam*, a Faransanci *passer un examen* ne. Mai Turanci na ganin *passer* sai ya tuno da *pass* ya ɗauka an ci, alhali zama kawai aka yi aka rubuta. Cin jarrabawa *réussir*, faɗuwa *rater* ko *échouer*. In yarinya ta ce *j'ai passé le bac*, wato ta zana jarrabawar kammala sakandare, a jira sakamako tukuna. Halartar darasi kuma bin sa ake yi, *suivre un cours*.

Wasu wuraren *faire* ne ke karɓe aikin: yawon miƙe ƙafa *faire une promenade*, barcin rana *faire la sieste*, tafiya *faire un voyage*. A Kebek ta ƙasar Kanada, inda Turanci ya kewaye su ta ko'ina, za ka ji *prendre une marche*, kuma masu gyaran harshe na can suna ɗaukar hakan a matsayin kwaikwayon Turanci. Maganar lokaci ma tana da nata: *il faut deux heures*, ana buƙatar awa biyu, ko *j'ai mis deux heures*, awa biyu na yi kafin in gama. Wannan *mettre* ɗin, wanda asalinsa sakawa ne, ba ɗalibin da ke zuwa da shi da kansa.

Turanci na da wata dabara da Faransanci ba shi da ita, ta liƙa wa aikatau 'yar ƙaramar kalma ma'ana ta juya. Dole kowanne a nemo masa aikatau dabam. *Take off* kaɗai ya rabu biyu: tashin jirgi *décoller*, wanda a zahiri ɓamɓarewa ne daga abin da aka manna, tuɓe riga kuwa *enlever*. *Take place*, wato faruwa, shi ne *avoir lieu*, kuma a kiyaye, *prendre place* yawanci samun wuri ne a zauna. *Take apart*, wato kwance abu, shi ne *démonter*. *Take back* na janye magana, *je retire ce que j'ai dit*. Wanda ya fi burge ni shi ne *take after*. Bafaranshe cewa yake *il tient de son père*, mu kuwa mu ce ya ɗauko ubansa, ka ga a nan Hausa ta fi kusa da Turanci. Wanda tura ta kai masa bango, mai cewa *I can't take it any more* a Turanci, ba *prendre* zai nema ba, *je n'en peux plus* zai ce.

Shi ma *prendre* yana zuwa wuraren da *take* bai cika takawa ba. *Prendre feu* kamawa da wuta, *prendre froid* kamuwa da mura, *prendre du poids* ƙara ƙiba. In ka yi wani abu kamar ba kai ba, a ce *qu'est-ce qui te prend ?*, me ya hau kanka? In ka cika ji da kai, *pour qui tu te prends ?*

Akwai guda ɗaya da nake ajiyewa sai ranar da aji ya gaji. Tun ƙarni na 18 mutanen Ingila ke cewa *take French leave* ga wanda ya sulale daga taro ba sallama, wai halin Faransawa ke nan. Faransawa suka mayar musu da kayansu, a wurinsu wannan sulalewar *filer à l'anglaise* ce. Jamusawa da Sifaniyawa sun ɗora laifin a kan Faransa, Italiyawa da Rashawa kuma suka ce na Ingila ne.