Kayen majo da wayar lokotoro

Shekara biyu na yi ina zagaya asibitocin kuɗi na Yamai bisa babur, daga Wadata har Harobanda, ina roƙon abu guda: in sun ga mai tarin fuka, su sanar da shirin ƙasa na yaƙi da cutar. Maganin kyauta ne a Nijar, wata 6 ake sha. Amma wanda ba a rubuta ba, wa zai bi sawunsa in ya ji sauƙi a wata na 3 ya ajiye ƙwayoyin? Daga nan cutar ke fara ƙin jin magani. Ba mu kaɗai ba ne ma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 10.8 sun kamu a 2023, miliyan 8.2 ne suka shiga rajista.

Da farko mun tara likitoci a otal, horo na kwana biyu, ga shayi ga kuɗin mai, aka sa wa kowa manhajar sanar da masu cutar a waya. Aka yi tafi aka watse. Wata uku shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Wata majo ce, wato ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta buɗe mini ido. Na je da ƙorafi, ta saurare ni har na gaji, sannan ta jawo wani kaye mai baƙin bango daga ƙarƙashin ma'aunin jarirai. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu ta yi masa alama da jan biro. Ta ce, "Ɗana, lokotoro sai la'asar yake zuwa, in ya tashi daga aikin gwamnati. Kun horar da mai sa hannu, kun bar mai rubutu." Kunya ta kama ni, don ni na tsara sunayen waɗanda aka gayyata.

Shi kuwa lokotoron, sai da muka saba ya faɗi gaskiyarsa. Tsoronsa biyu: mu ɗauke masa majinyaci, ko kuma alhajin da ya biya kuɗi don a rufa masa asiri ya ji sunansa ya fita. Manhaja ba ta maganin wannan.

Sai muka koma baya. Aka horar da majo-majo a wurin aikinsu, tambayoyin manhajar aka rage su (tun can ma rabinsu ba mai karantawa). Majina kuma in ta je na'urar GeneXpert, wadda cikin awa biyu take nuna cutar har da ko tana jin rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunanta, sai in tura wa likitan sakamakon da kaina, majinyaci ya ci gaba da zuwa wurin likitansa.

Majo dai har yau ba ta bar kayenta ba. A ciki take fara rubutawa, bayan sallar isha'i jikarta ta kwafe mata a waya.