Abin da sikeli ya koya min game da ruwan da ke cikin kankare

Lokacin da malamina ya ba ni taken furojet ɗin kammala karatu, wai in bibiyi yadda laima ke tafiya a cikin kankare har ya bushe, gaskiya raina bai so ba, ni na fi son a ba ni wani abu na rodi da dakin, wato zubin kankaren saman bene. Ashe aikin da zai canza min kallon gini gaba ɗaya ne.

Aikin ba shi da wani tsada. Na zuba kankare a ƙananan akwatunan katako, wasu kaurin santimita 5 wasu 10, na yi musu ban ruwa na kwana 7, sannan na shafe gefe da ƙasansu da narkakken kyandir dan kar ruwa ya samu hanyar fita sai ta sama, kamar dai daɓen ɗaki. Kullum da safe in ɗora a sikeli in rubuta. Shikenan. Wata da watanni ina wannan abu a bayan gidanmu a unguwar Rikkos ta Jos har ƙannena suka haddace lokacin.

Zubin farko ma asararsa na yi. Cikin Disamba ne, kun san hunturun Jos, ga sanyi ga busasshiyar iska, na zuba da rana na tafi ban rufe ba, kafin magariba saman duk ya tsattsage kamar faso. Iskar ta kwashe ruwan sama tun kankaren bai kama jikinsa ba. A nan na fara gane cewa siminti ba bushewa ce ke sa shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, shi ya sa ake cewa a jira kwana 28, kuma in ka hana shi ruwa a kwanakin farko ka cuce shi har abada.

To amma ga lissafin da ya tsaya min a rai. Buhun siminti kilo 50 ne, ruwan da yake haɗewa da shi na dindindin bai wuce wajen lita 12 ba, mu kuwa a wajen gini sai lebura ya antaya lita 30 ko fiye saboda kwaɓin ya yi laushi ya yi daɗin shebur. Sauran ruwan fa ina zai je? Yana nan maƙale a 'yan ƙananan ramukan da ido ba ya gani, kuma fita zai yi a hankali, ta sama. A satin farko nauyi na raguwa da sauri har ina murna, daga baya sai abin ya koma tafiyar hawainiya, saman ya yi fari fat ka rantse ya bushe amma sikeli na ce min har yanzu ana fita. Mai kaurin 10 kuwa ba ninki biyu na lokacin mai 5 ya ɗauka ba, ya tasam ma ninki huɗu, kuma haka ka'idar take a littafi, in kauri ya ninku lokaci na ninkuwa sau huɗu. Da damina ta kankama wajen Yuli da Agusta sai na ga wasu ma nauyinsu ya ɗan ƙaru, wato kankare har shan laimar iska yake.

Inda abin ya yi min amfani shi ne ginin yayana a Bukuru. Biki ya matso, yana so a shimfiɗa ledar tsakar ɗaki a yi fenti sati uku da yin daɓe da filasta. Na ce Yaya dan Allah a dakata, ya ce kai dai da boko, taɓa ka ji a bushe yake. Birkilan ma, dattijo ne da nake ganin girmansa, ya ce yaro shekara nawa muna wannan aiki. Ban yi musu ba, na yanko farar leda kamar santimita 45 kowane gefe na manna a ƙasa da salatif, na ce Baba mu bar ta zuwa gobe. Gwajin awa 16 yake buƙata. Da safe muka ɗaga, ƙasan ledar duk raɓa, wajen ya yi duhu. Baban ya shafa da hannunsa ya yi shiru, sannan shi da kansa ya ce wa Yaya a bar tagogi a buɗe a ƙara lokaci.

Abin da ke faruwa shi ne da zarar ka rufe saman, laimar ciki sai ta taso ta daidaita, gam ya saki, fenti ya kumbura ya ɓare, farin gishirin nan ya feso a bango, ga wari. Shi ya sa masu na'ura ba sa auna sama, huda daɓen suke har kashi 40 cikin 100 na kaurinsa su auna laimar can ciki. Ledar tawa in ta nuna raɓa to tabbas akwai ruwa, amma in ba ta nuna ba kar ka saki jiki, musamman da sanyi.

Ɗaki ɗaya ne ya ƙi bushewa har bayan wata biyu, da muka bincika ashe nan ne ledar da ake shimfiɗawa kafin a zuba kankaren ƙasa ta ƙare aka zuba haka nan, ruwan ƙasa ne ke ta hawowa. Wannan jira ba ya maganinsa, sai da aka fasa aka sake.