Ranar da wayata ta tona mini asiri

Ina aji uku a jami'a korona ta kore mu gida. Ranar 11 ga Maris, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba, ba a jima ba muka tattara komatsanmu, muna zaton hutun 'yan makonni ne.

Da farko har murna na yi, babu sammakon lacca. Sai waya ta zame mini aji, ta zame mini majalisa. In ce bari in leƙa WhatsApp na minti biyar, sai in tsinci kaina a YouTube ƙarfe ukun dare, ido ya yi jawur, na takure a bakin gado saboda igiyar caja ba ta kai tsakiya. Wata rana na buɗe inda wayar ke lissafa lokacin da nake ɓatawa a kanta: awa 11 a yini ɗaya. Na yi maza na rufe kamar wani na leƙena.

Ban taɓa ɗaukar kaina mai motsa jiki ba. Ashe tafiyar nan daga ɗakin kwana zuwa aji, da hawa benen laburare ina haki ina mita, su ke riƙe da ni. Da suka tsaya, wani nauyi ya sauka a ƙirjina. Ba irin baƙin cikin da ke sa kuka ba ne, komai ne kawai ya fita raina. Aboki ya kira, in zuba wa wayar ido har ta gaji ta katse, ni da ba na ajiye ta. Sai a 2022 na ji hukumar nan ta ce ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar, na ce ashe ina cikin lissafi.

Yayana ne ya gaji da ganina a kwance.

"Malam, tashi ka raka ni. Wayar kuma bar ta nan."

"Yaya, ina za mu?"

"Ko'ina."

Minti ashirin da ɗoriya muka riƙa yi kullum da yamma, da takunkumi a fuska. Idan an tara, ya kai minti 150 na motsa jiki da hukumar ke so baligi ya samu a mako. Tafiyar ba ta warkar da ni ba, sai da na ga likita. Amma ita ta fara dawo mini da barci, a mako na biyu kuwa ni na riga Yaya saka takalmi.