Jinin dasashi ba abin rainawa ba ne

Ɗiyar yayata, shekararta 14, ta daɗe tana tofar da jini in tana asuwaki. Sai da haƙoranta na gaba suka fara girgiɗi muka kai ta wurin likitar haƙori. Tana gama dubawa ta tambaye ta: "'Yata, yatsunki suna sandarewa da safe?"

Wallahi gabana ya faɗi. Ina ruwan baki da gaɓɓai?

Ashe akwai wata bakteriya, Aggregatibacter, mai cinye ƙashin da ke riƙe haƙoran matasa, kuma nau'inta mafi muni, JP2, an same shi a bakin yara a Maroko da Ghana. Dafinta yana fasa fararen ƙwayoyin jini, ya sauya kamannin wasu furotin, har garkuwar jiki ta ɗauke su baƙi ta far musu. A 2016 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun danganta wannan da amosanin gaɓɓai. Ba kowane mai ciwon dasashi ke kamuwa ba, amma abin ya tsaya min a rai.

Alhamdulillah gaɓɓan yarinyar lafiya lau. An kankare mata dattin ƙasan dasashi, an ba ta magani. Ku taya mu addu'a kada haƙoran su zube.